Inci Ɗaya a Wata

Maxine Dubiel ta iya magana da hannu kafin ta iya da baki, domin iyayenta duka biyu kurame ne. Mahaifinta, Stanley, ya yi shekara talatin da ɗaya a wata maɗaba'a a Rochester, inda ƙarar injina ke korar masu ji, shi kuwa ko a jikinsa. Mahaifiyarta, Wanda, ɗinkin kwat take yi a masana'anta. Su ukun ne kawai a wani ɗan gida mai hawa biyu a arewacin gari.

Tun tana shekara shida ita ce kunnen gidan kuma ita ce bakinsa. In waya ta yi ƙara ita ke ɗauka. In mai gyaran famfo ya zo, a kan kujera ake ɗora ta, ta tsaya tsakaninsa da babanta. Tana 'yar shekara tara ta gaya wa uwarta cewa cikin da take ɗauke da shi ya lalace. Likita ya faɗa yana duban takarda, ita ta mayar da maganar da hannu, don babu mai yi in ba ita ba. Wanda ta kalli yatsun 'yarta har suka gama, sannan ta gyara mata kwalar riga ta ce su tafi gida.

Da ta girma sai abin ya zama sana'arta. Shekara ashirin da biyar tana tafinta a kotu da asibiti da makaranta, kuma duk kurman da ke garinmu ya san ta. A maganar hannu, hannu ɗaya ne jagora, ɗayan yana taya shi. Na Maxine dama ne, kuma tsofaffi kan ce hannunta tas yake, ko daga ƙarshen coci kana karanta shi. Ta taɓa aure da wani mai ji, suka yi shekara shida bai koyi ko gaisuwar surukansa ba, suka rabu ba haihuwa.

Tana da shekara arba'in da bakwai Stanley ya faɗi yana kwashe ƙanƙara a ƙofar gida, zuciyarsa ta tsaya. Wata biyu bayan nan likitanta ya auna ta ya ce jininta ya hau, sukari ma yana hanya, in ba ta canza ba hanyar babanta za ta bi. Abokiyar aikinta Glenda Whitlock, wata doguwa mai yawan dariya, ita ta ja ta zuwa gidan motsa jiki da ke bayan tsohuwar tashar jirgi.

"Ni da ko jakar kasuwa sai na huta sau biyu?" in ji Maxine.

"Shi ya sa za ki je, tsohuwa. Gobe ƙarfe shida, ina ƙofarki. Kada ki sa in yi oda in tashi maƙwabta."

Ta je da niyyar ta yi mako guda ta gudu, sai ta tarar tana so. Duk rayuwarta jikinta na isar da maganar wasu ne, a nan kuwa ba wanda take yi wa komai. Ƙarfe ne kawai, ko ya tashi ko ya ƙi. Cikin shekara biyu ta sauke ƙiba, aka rage mata magani, ta fara ɗaga sandar ƙarfe sama da kanta da nauyin da wasu maza ke shakka. Wanda ba ta taɓa yarda da abin ba. Ran Lahadi in sun zauna suna naɗa ƙullin dankali da cuku, takan matsa damtsen 'yarta ta yamutsa fuska.

"Kin zama kamar mai sauke kaya a tasha," takan ce da yatsu masu fulawa.

"Na zama wadda ba za ta mutu ta bar ki ba, Mama."

"Wa ya gaya miki ina son ki daɗe kina damuna?"

Abin ya faru wata Talata da safe a watan Fabrairu. Ta ɗaga ƙarfen ya kai sama, sai ƙafarta ta baya ta ɗan zame. Nauyin ya tafi ta bayan kanta. Da ta sake shi da shi ke nan, amma hannun dama ya riƙe. Ta ji kafaɗar ta fita da wata ƙara mai kauri, ta faɗi a kai, ƙarfen ya ƙara fizgar hannun kafin ya sauka. Glenda ta durƙusa kusa da ita tana tambaya. Maxine ta ce kafaɗar na zafi, amma ina hannunta yake. Glenda ta ce ga shi nan a kan cikinki.

A asibiti suka mayar da ƙashin cikin minti kaɗan. Suka ce jijiyoyin da suka taso daga wuya suka bi ta hammata sun miƙe fiye da ƙima, yawanci sukan farfaɗo da kansu, ta ba su wata uku. Ta ba su. Kafaɗa ta dawo, gwiwar hannu ta fara lanƙwasa. Yatsu kuwa suna nan kwance kamar na safar hannu da aka cire aka yar. Abin da ya zo a madadin motsi zafi ne. Hannun da ba ya jin tsinin allura sai ya riƙa yi mata kamar an tsoma shi a tafasasshen mai, tun safe har ta kwanta.

A wata na huɗu aka tura ta wurin Likita Ostrander, mai tiyatar jijiya, wata 'yar siririya mai furfura da ba ta iya kwana-kwana ba. Ta zana hannu a takarda ta yi mata bayani. Jijiyoyi biyu da ke kai saƙo zuwa yatsu sun tsinke a ƙasan hammata. Duk abin da ke ƙasa da wurin tsinkewar ya mutu, saura kwasfa. Za a ciro wata jijiya daga ƙaurinta a yi gada da ita, sai jijiyar mai rai ta tsiro ta bi gadar ta gangara.

"Da wane sauri?" in ji Maxine.

"Kamar inci ɗaya a wata. Naman da ke motsa yatsu kuwa yakan jira shekara ɗaya da rabi, wani lokaci ya ɗan fi. In saƙo bai iso ba, sai ya bushe, ko ya iso daga baya ba zai amsa ba."

"Daga hammata zuwa yatsu inci nawa ne?"

"Ashirin da biyar."

Maxine ta yi shekaru tana isar da irin wannan magana ga wasu, ta san yadda likitoci ke zagaye. Ta ce, "Ke nan ba zai isa ba."

"A yadda aka saba, ba zai isa ba," in ji Ostrander. Sannan ta jawo wata takarda.

Akwai gwajin da suke yi. A cikin kitsen mutum akwai wasu ƙwayoyin halitta da ba su gama zama komai ba tukuna, ƙwayoyin asali ake ce musu. Za a zuƙo kitse daga cikinta, a tace su, a zuba su a jikin gadar. Fatan shi ne su ciyar da jijiyar mai tsirowa, su ƙara mata sauri. An gwada a ɓeraye an ga alama. A mutane ba a sani ba, shi ya sa ake gwajin. Mutum talatin za a ɗauka, kowa za a ɗebi kitsensa, amma rabi ne za a zuba musu ƙwayoyin, rabi ruwan gishiri. Ƙuri'a ce ke zaɓa, sirinji yakan zo a rufe, ita kanta Ostrander ba za ta sani ba sai an gama.

Da yamma Maxine ta kwashe duka ta gaya wa uwarta da hannun hagu, tana yi tana kuskure tana komawa.

"Ɓeraye," in ji Wanda. "To ke ɓera ce?"

"Ba ni da wani zaɓi, Mama."

"Shekara biyu kina wahala ki kori kitsen nan, yanzu shi suke nema. Da kin tambaye ni, ina da shi kyauta." Sannan ta ƙara ɗaga hannu. "Ki sa musu hannu. Da wanne za ki sa?"

Da hagu ta sa, rubutun ya fito kamar na 'yar aji ɗaya.

Awa tara aka yi ana tiyatar. Ta farka da ɗinki a hammata, da ciki, da ƙauri biyu, gefen ƙafafunta kuma ya mutu har abada, abin da aka riga aka gaya mata. Daga nan sai jira. Kowane wata takan je, Ostrander ta riƙa ƙwanƙwasa hannun da ɗan yatsa tana gangarowa. Inda Maxine ta ji kamar lantarki ya ja ta, nan kan jijiyar ya kawo. Sai a ɗiga alama da alƙalami a auna. Wata na farko ba komai. Na uku, inci biyu. Na biyar, biyar da rabi. Rabin incin nan Maxine ta yi mako tana juya shi a ranta. Ta ce lalle ita aka ba ƙwayoyin, ga shi ya fara sauri. Wata na shida ya ƙara rabin inci kacal, sai ta ce ruwan gishiri ne. Haka ta riƙa yi kowane wata, yau tana cikin waɗanda aka ba, gobe tana cikin waɗanda aka hana.

Aiki ya tsaya. Ta gwada komawa kotu sau ɗaya, a wata ƙaramar shari'a ta haya. Kurman da ake ƙara ya kalle ta minti biyu ya juya ga alƙali ya nuna a kawo wani, wai kamar yana kallon mai maye. Bai san ta ba, baƙo ne a garin. Ta fassara wa alƙali maganar kamar yadda ya faɗa, kalma da kalma, ta ɗauki jakarta.

Ta bar ɗakinta ta koma gidan uwarta, wai don ta kula da ita, amma Wanda ce ke ɓalle mata maɓallin riga tana yanka mata nama a faranti. Idon tsohuwar ya daɗe yana raguwa, a shekarar nan sai ya ƙara lalacewa, tsakiyar duk abin da ta kalla ya zama duhu. Ta fara karanta magana da taɓi, ta ɗora tafinta a kan hannun mai magana tana bin motsinsa. Da hannun hagu ɗaya, rabin abin da Maxine ke faɗa ba ya isa. Mutanen da suka saba hira daga wannan ɗaki zuwa wancan ta madubi, yanzu sai su yi minti biyar a kan ko an kashe murhu.

Glenda takan zo da cefane ran Asabar. Takan ajiye, ta yi ta zuba surutu a kan wa ya yi me a ofis, idonta ba ya sauka kan hannun.

"Ki kalle shi mana," in ji Maxine wata rana. "Ba ya cizo. Ko tsunguli ba ya iyawa."

"Ni na kai ki gidan motsa jikin nan."

"Ke kika zame min ƙafa?"

"Max, ki bari."

"To ki zauna ki sha gahawa kamar mutum, ki daina tsayawa a bakin ƙofa kamar mai kawo wasiƙa."

Glenda ta zauna, amma ba ta kalli hannun ba.

A wata na goma sha ɗaya Wanda ta fara rama, idonta ya yi ruwan ɗorawa. Aka yi hotuna aka kira su. Maxine ta ce ita za ta fassara. Likitan ya fara magana, ta ba uwarta hannun hagu. Da ta kai ga sunan ciwon, wanda sai an jera shi harafi harafi, yatsun hagu suka sarƙe. Ta sake. Wanda ta girgiza kai. Ta sake a hankali, Wanda ta ce, "Me? Hanta ko me?" Ma'aikaciya ta turo allon da wani mai fassara ke fitowa a ciki daga nesa, amma Wanda ba ta ganin allo. A ƙarshe aka buga wa Glenda, suka zauna minti arba'in suna jiranta.

Glenda ta zo da gudu, ta zauna gwiwa da gwiwa da tsohuwar, ta ba ta hannu biyu. Maxine tana kujerar lungu tana kallo. Ta ga kowace kalma ta wuce daidai, ciwon daji ne, ya bazu, watanni kaɗan. Glenda ta yi aikin da kyau.

Da suka isa gida Wanda ta tsaya a zaure ba ta cire kwat ba. Ta laluba ta kamo hannun daman Maxine, ta ɗaga shi, ta sake shi ya faɗi.

"Wa ya aike ki?" ta ce. "Abu ɗaya na roƙi Allah, kada baƙo ya gaya min mutuwata."

Sau ɗaya ta faɗa, ba ta ƙara ba. Washegari ta tashi ta dafa musu miyar kabeji.

Wata uku ta yi. A makon ƙarshe aka kawo gadon asibiti aka sa a falo kusa da taga, wata ma'aikaciyar jinya tana zuwa da rana. Wanda ba ta iya ɗaga hannu sosai, sai dai ta rubuta haruffa a tafin mutum. Ranar Alhamis da la'asar Maxine tana zaune a gefen gadon, ta juya tana kallon wani maƙwabci da ke fama da motarsa a kan titi. Ba ta san tsawon lokacin da ta yi ba. Ma'aikaciyar ce ta shigo daga kicin ta tsaya.

"Tun ɗazu fa take miki rubutu," ta ce.

Maxine ta duba. Uwarta ta kamo hannun dama, wanda ta saba da shi shekara hamsin, ta buɗe yatsun da suka ƙanƙance, tana ta jera haruffa a tafin da ba ya ji. Maxine ta yi sauri ta zare shi ta sa na hagu. Ta rubuta mata, sake faɗa, Mama, ban ji ba. Yatsun tsohuwar suka ɗan motsa, harafi biyu ko uku da ba su haɗu sun zama komai ba, suka kwanta. Maxine ta tambayi ma'aikaciyar ko ta ga wani abu. Matar ta ce ita ba ta iya ba, amma dai maganar doguwa ce. Wanda ba ta ƙara magana ba. Ta cika ranar Asabar da hantsi.

Maxine ta ci gaba da zuwa awo. Alamar ta riga ta wuce gwiwar hannu tun wata na goma sha uku, ta yi ta jan jiki a dantse. A wata na goma sha takwas wuyan hannu ya ɗan lanƙwasa, yatsu biyu suka yi wani ɗan motsi da sai ka ƙura ido. Tudun naman da ke gindin babban yatsa kuwa ya riga ya lotse, tsakanin ƙasusuwan bayan hannu ya zama ramuka. Ostrander ta soka siririyar allura a wurin tana sauraron na'ura. Na'urar ba ta ce komai ba. Ta gwada wuri huɗu, ta cire, ta ce ƙananan naman da ke cikin hannun sun tafi.

Bayan shekara biyu da wata biyu aka buɗe ƙuri'a. Ostrander ba ta aika wasiƙa ba, ta kira ta ofis.

"Kina cikin waɗanda aka zuba wa ƙwayoyin," ta ce.

Maxine ta daɗe tana shirin jin ɗayar amsar. Ta tanadi fushinta, ta tanadi abin da za ta riƙa gaya wa kanta, cewa da ƙuri'a ta faɗo ta wancan gefen da yanzu tana kotu. Sai ga shi babu wancan gefen.

"To sun yi wani abu?"

"A kan jimla, waɗanda aka ba sun ɗan fi sauri. Kaɗan ne, har yanzu muna gardamar ko gaske ne ko dace. Waɗanda suka amfana, nasu ya tsinke kusa da hannu. Taki tafiyar ta yi nisa."

"Da kin san haka tun farko?"

"Na yi zato. Ban sani ba."

Maxine ta gyaɗa kai. Ta ce ta gode da ba a zagaya da ita ba.

An sake yi mata tiyata a bazarar da ta biyo, aka karkato igiyar wani naman dantse mai rai aka ɗaura a babban yatsa. Yanzu tana iya matse makulli ko cokali tsakanin yatsa biyu. Tafin ya fara bambance zafi da sanyi. Zafin ƙunar bai tafi ba, ya dai ragu, magani yana danne shi zuwa azahar. Harafi ko ɗaya hannun ba ya iya yi. Tana aiki a ofishin da ke tura tafintoci, ita ke amsa waya ta rubuta wa zai je ina. Hagun ya ƙware daidai gwargwado, tsofaffin da suka san ta suna haƙuri da shi a coci. Glenda ta koma wata jiha wurin 'yarta, sukan yi waya a bukukuwa.

Takardar gwajin ta ce za a bi waɗanda aka yi wa gwajin shekara biyar, don a ga ko ƙwayoyin za su haifar da wata illa. Da yawa sun daina zuwa, Maxine ba ta taɓa fashi ba. Bana ce shekara ta huɗu. Tana zaune a ɗakin jira, wani magidanci mai ƙaton gemu ya zauna kusa da ita, hannunsa a rataye, takardun zagaye na biyu na gwajin a cinyarsa. Ya saci kallon hannunta sau uku kafin ya yi magana.

"Yi haƙuri, baiwar Allah. An yi miki wannan abin na kitse?"

"An yi min."

"Ya yi aiki?"

"A nawa bai yi ba. Kai me ya same ka?"

"Keke. Tseren ƙarshen mako, ni da shekara hamsin da biyu. Matata har yanzu ba ta gama yi min faɗa ba."

"A ina ya tsinke?"

Ya nuna ƙasan gwiwar hannunsa. Ta duba daga nan zuwa yatsunsa, ta auna da ido.

"Tara ko goma," ta ce. "Kana da lokaci. Ka karanta shafi na shida sau biyu, inda suka yi maganar zafi, gaskiya suka faɗa. In ka ga za ka iya, ka sa hannu."

Ya buɗe baki zai ƙara tambaya, sai aka kira sunanta. Ta ɗauki kwat ɗinta da hagu ta shiga.